Yadda Ake Korar Iska da Sake Zuba Mai a Rufin Tsohuwar Mota Mai Naɗewa

Idan ka danna makunni ka ji famfo yana ta kuka a bayan kujera amma rufin ya ƙi motsi, ko ya tashi yana fizga, ko ya kai rabi ya cije sai ka sa hannu ka taimaka masa, galibi mai ne ya yi ƙasa, iska ta shiga layi. Haka kuma duk lokacin da aka canza tiyo ko silinda ko famfon kansa, sai an sake cika shi an kori iskar. Aikin bai fi ƙarfin ɗan koyo ba. Famfon da kansa yake tura iskar waje, naka kawai ka riƙa ba shi mai a kan kari, ka kuma bar shi ya huta.

Bayanin nan ya shafi motocin Amurka na tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon na 1970, irin su Ford Mustang na 1965 zuwa 1973, Chevrolet Camaro na 1967 zuwa 1969, Impala, Pontiac GTO da danginsu na Buick, Oldsmobile, Dodge da Plymouth. Akwai waɗanda bai hau kansu ba. Manyan motocin General Motors na 1971 zuwa 1976 ba su da mai ko ɗigo a rufinsu, moton lantarki ne da kebur ke jan su. Cadillac da Buick na ƙarshen shekarun 1940 kuwa famfo ɗaya ne a gaba yake tuƙa rufi da gilasai da kujera, tsarinsa daban ne. Lincoln Continental ta 1961 zuwa 1967 da Mercedes SL da aka fara ƙerawa a 1989 suna da ƙarin silindoji da bawul na lantarki, kada ka taɓa su sai da littafin gyaransu a hannu.

Kayan da za ka tanada

- Man da ya dace da motarka, lita biyu. Tsarin gaba ɗaya ba ya shan fiye da lita ɗaya, ragowar ta wanki ce. Kada ka saya sai ka karanta mataki na 1.
- Babban sirinji da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki. In babu sirinji, gorar roba mai tsinin baki wadda ake matsawa ta isa, muddin sabuwa ce ko an wanke ta ta bushe ƙarau. Mazurari ba ya amfani sosai, domin bakin tankin a gefe yake kallo.
- Sifanu masu awon inci, har da sifanar notin layi, wadda bakinta ke rungume notin ya bar 'yar kafa kawai ta shigar tiyo. Notocin nan na tagulla ne, sifana ta gama-gari tana cinye musu kusurwa.
- Filaya, sukurudireba, tocila.
- Tsummoki masu yawa marasa zubar da gashi, leda mai faɗi, faranti mai ɗan zurfi, kwalba mai haske guda biyu.
- Salatif da alƙalamin maka don sa alama.
- Tabarau na kare ido da safar hannu ta roba.
- Katako biyu masu tsawon da zai tokare rufin in yana rabin tashi.
- Batir mai cikakken caji.
- Mutum na biyu. Ana iya yi kai kaɗai, amma kana gaba wajen makunni ba ka ganin abin da ke faruwa a baya.

Abin da ke cikin tsarin

A bayan kujerar baya akwai moton lantarki, famfo a manne da shi, da ɗan tanki mai siffar gwangwani a ƙarshensa. Tiyo biyu ke fita daga famfon. Kowanne ya rabu biyu a mahaɗa mai baki uku: ɗaya ya tafi gindin silindojin hagu da dama, ɗayan ya tafi kawunansu. In ka danna makunni wajen ɗagawa, moton ya juya ta gefe guda, ya tura mai ƙarƙashin fistin, sanda ta fito ta ɗaga firam, wato ƙarafan da ke ɗauke da rufin. In ka danna wajen saukewa, ya juya a baibai, mai ya shiga ta sama, sanda ta koma. Ba za ka samu kan nonon cire iska irin na birki ba. Iskar tana bin mai ne ta dawo tanki, ta taso sama, ta fita ta bakin da ake zuba mai.

1. Gano irin man da ke ciki

Nan ne mafi yawan ɓarna ke aukuwa, shi ya sa na sa shi a gaba da komai. Motocin farko da dama man birki aka zuba musu daga masana'anta. Na baya kuma man giya na otomatik, wanda ake rubuta ATF a jikin robarsa, irin Dexron ko Type F. Shekarar motar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin motar da ta haura shekara hamsin ta ratsa hannuwa da yawa, wataƙila an taɓa canza mata famfo ko silinda an sauya mai.

Su biyun ba sa haɗuwa. Robar da aka yi don man birki tana kumbura ta yi laushi in man giya ya taɓa ta, wadda aka yi don man giya kuma man birki yana lalata ta. In aka gauraya su a tanki ɗaya sai su zama wani kauri mai danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin famfo.

Ka zuƙo kaɗan da sirinji ka duba. Man giya ja ne, in ya tsufa ya koma ja mai duhu, yana da santsi a yatsa. Man birki fari-fari ne ko ruwan zuma, in ya tsufa ya yi ƙasa-ƙasa, sau da yawa za ka ga wani farin busasshen gari a kewayen notoci. In launi bai gamsar da kai ba, ɗiga shi a kwalba mai ruwa ka girgiza. Man birki irin wanda ake rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin robarsa yana narkewa cikin ruwan. Man giya yana tasowa ya kwanta a sama. In ka ga mai launin shunayya yana yawo a sama, wannan DOT 5 ne na silikon, shi ma ba ya gauraya da sauran, ga shi da riƙe kumfa.

Abin da ka tarar, shi za ka mayar. Ba a sauya mai sai in an canza komai lokaci guda: silinda biyu, tiyo duka, da famfo sabo ko wanda aka sake wa robobi. In haka ne, bi abin da takardar sababbin kayan ta ce, galibinsu man giya suke so. Ni ma shi na fi so in akwai zaɓi, saboda man birki yana shan damshin iska ya sa silinda tsatsa daga ciki, in kuma ya ɗiga a fenti sai ya ɗaye shi.

2. Shirya motar ka kai ga famfon

Ajiye ta a wuri mai daidai, ja birkin hannu. A yi aikin lokacin da gari ke da ɗumi: tamfol ɗin rufi da tagar baya ta roba suna ƙagewa da sanyi, naɗe su a haka yana tsaga su. Sauke gilasan gefe duka, zuge zif ɗin tagar baya in irin mai zif ce, kwashe duk abin da ke cikin ramin da rufin yake kwanciya. Sannan ka saki ƙugiyoyi biyun da ke kama rufin a saman gilashin gaba. Mutane kan manta da su su danna makunni, famfon kuwa yana da ƙarfin da zai lanƙwasa firam.

Mazaunin kujerar baya ana tura shi baya ne a ɗaga gabansa ya fita daga maƙalinsa. Majinginar tana da kusoshi biyu a ƙasa, in ka kwance su ka ɗaga ta sama za ta zame. A wasu motocin ta cikin but ake kai wa ga famfon. Za ka same shi kwance a kan ƙafafun roba. Shimfiɗa leda, ɗora tsummoki, tura faranti ƙarƙashin bakin tankin. Silindojin suna ɓoye a bangon hagu da dama na kujerar, sai an cire allon gefen kafin a gan su da kyau.

Moton yana jan wuta sosai, amfiya 20 zuwa 30 ko fiye in yana ɗauke da kaya. Bar injin motar yana aiki, amma a fili ko ƙofar gareji a wangale, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. In injin ba ya tashi, haɗa caja a batir. In motar ta volt 6 ce, kamar Ford na kafin 1956, kada ka yi mata jam da batir mai volt 12.

3. Nemo inda tsohon man ya bi

Tsarin a rufe yake, mai ba ya ƙonewa kuma ba ya tashi. In ya ragu, akwai inda ya fita. Haska tocila a wuyan kowane silinda inda sanda ke shiga, a kan notoci, a mahaɗai, da tsakanin tanki da famfo inda zoben roba yake. Shafa ƙasan ramin da silinda ke zaune ka ga ko akwai danshi. Lanƙwasa tiyo kaɗan: wanda ya ƙage ko ya fara tsattsagewa ya gama aiki. Dubi sandunan ma, in suna da tsatsa ko rami-rami za su ci gaba da yanka sil, wato robar da ke tare mai a wuyan silinda, ko da sabo ne. Silinda ɗaya in ya mutu, canza biyun tare, domin sabo da tsoho ba sa tafiya daidai, rufin zai riƙa karkacewa.

Kada ka bi tiyo da yatsa kana neman huda alhali famfo yana aiki. Matsin ya haura psi 300 (psi shi ne ma'aunin da ake auna iskar taya da shi), mai da ke fita ta ƙaramar huda yana iya shiga fata. Kara masa takarda, za ta nuna maka.

4. Raba sandunan da firam

Ga 'yar iska kaɗan za ka iya tsallake wannan matakin, ka ƙara mai ka yi ta ɗaga rufin kana saukewa. Amma in tsarin ya bushe ko ka canza wani abu, ka raba su. Silinda mai cike da iska yana tura rufi da fizga, ɓangare ɗaya ya riga ɗaya, ga shi moton zai yi ta ɗaukar nauyi sau goma ko fiye a banza.

Kan kowace sanda yana da ido, an zura masa fil ko kusa. A yawancin motoci an fi ganinsa in rufin yana rabin tashi. Ku ɗaga ku biyu, kowa a gefensa, ku tokare da katakon. Zare fil, ka lura da jerin washa da bushin da ke wurin, ka ɗau hoto da waya kafin ka warwatsa su. Da zarar sandunan sun fita babu abin da ke riƙe rufin sai katakon nan, saboda haka kada hannun kowa ya shiga tsakanin ƙarafan. Ku sauke shi a hankali ya kwanta a raminsa.

5. Fitar da tsohon mai

Goge kewayen matoshin tankin kafin ka buɗe. Wasu na roba ne ana ɓanɓaro su da sukurudireba, wasu kusa ce mai washa. Rufa tsumma a kai, domin yakan yi ɗan huci ya feso mai. Zuƙe abin da ke ciki da sirinji.

In man bai yi baƙi ba kuma ba ka canza komai, hanya mai sauƙi ita ce: zuba sabo, ka kora sandunan ciki da waje sau biyu, ka zuƙe, ka sake zubawa, har launin da ke dawowa ya yi daidai da na cikin roba.

In kuwa ya yi kauri ko akwai laka, sai an kwance. Cire kan batir tukuna. Sa alama da salatif a kowane bakin tiyo: hagu sama, hagu ƙasa, dama sama, dama ƙasa. Kwance notocin a jikin silinda, kara kwalba, ka tura sanda ciki ka jawo ta waje da hannu har ta daina aman mai. Tankin kusa ɗaya ce a tsakiya ke riƙe da shi, ka kwance ta a kan faranti ka zare gwangwanin, ka goge lakar da ta kwanta a gindinsa. Tsarin man birki ana wanke shi da sifirit a bar shi ya bushe, na man giya kuma da sabon man giya. Fetur da kananzir kada su kusanci ko ɗaya. Sa sabon zoben roba a bakin tankin, ka shafa masa ɗan mai kafin ka mayar. Kan famfon da ke bayan tanki kuwa ka ƙyale shi in ba gyaransa ka zo yi ba, akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki da ke faɗuwa su ɓace a kafet.

Wajen mayar da tiyo, fara kama tiredin da yatsu har ya shiga zagaye uku ko huɗu ba gardama, sannan sifana. Bakin tiyon ne ke zama a mazauninsa ya toshe, ba tiredi ba, don haka farin tef na masu gyaran famfo ba shi da aiki a nan, guntayensa ma suna shiga layi. Ɗaure har ya zauna, ka ƙara kaɗan, ka tsaya. In ka musanya sama da ƙasa a gefe ɗaya, sanda ɗaya za ta fita ɗaya na komawa. Ga wani amfanin raba su da firam: za ka ga kuskuren kafin ya murɗe maka rufi.

6. Cikawar farko

Mayar da kan batir. Tura sandunan biyu ciki gaba ɗaya. Zuba mai har ya kawo leɓen ramin. Tankin ƙarami ne, silindojin kuma fanko ne, dannawa ɗaya za ta shanye shi. Wata dabara ita ce a zare famfon daga ƙafafun robarsa a karkata shi bakin ya kalli sama, ya ɗauki mai fiye da yadda zai ɗauka a kwance. Ka tabbata wayarsa da ke ɗaure a jikin mota tana nan a ɗaure, in ba haka ba ba zai juya ba. Kada ka mayar da matoshi tukuna, ɗora tsumma a bakin sakwa-sakwa.

7. Korar iskar

Abokin aikinka ya zauna wajen makunni, kai kana baya. Ku yi yarjejeniya a kan kalma biyu kawai, "danna" da "saki", kada a tsaya dogon bayani famfo na gudu. Juya silindojin yadda sanda in ta fito ba za ta soki kushin ko gilashi ko tamfol ba. Riƙe jikin silinda, ba sanda ba.

Ya danna wajen ɗagawa na daƙiƙa biyu zuwa uku, ya saki. Ƙara mai. Ya sake dannawa, ka sake ƙarawa. Kunnenka ne ma'auni a nan. Famfon da ke jan mai yana da murya mai nauyi, a daidaice. Da tankin ya ƙafe sai muryar ta yi sama, ta zama siririya mai sauri. Kana jin haka ka ce "saki", domin daga wannan lokacin iska yake hadiya yana turawa cikin layin da kake ƙoƙarin tsabtacewa.

Za ka ga sanda ɗaya ta fita har ƙarshe ɗaya ba ta ko motsa ba, sai ta farkon ta tsaya sannan ta biyun ta biyo. Wannan ba matsala ba ce. Babu kaya a kansu, mai yana bin inda ya fi sauƙi ne. Da sun kai ƙarshe muryar moton za ta danne, a saki makunni cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Riƙe shi a nan yana ƙona moto da makunnin, yana kuma fasa tsohon tiyo.

Kafin a juya wajen saukewa, kada ka cika tankin. Sandunan in suna komawa mai zai dawo da yawa, haɗe da iska, ya yi tafasa a bakin ramin. Kara faranti, a danna a taƙaice har su shige. In tiyonka mai haske ne za ka ga ƙwayoyin iska suna gudu cikinsa, da farko dogaye masu raba man gida-gida, daga baya ƙanana, a ƙarshe babu.

Leƙa tankin da tocila. In man ya koma ruwan hoda mai kumfa, tsaya. Wannan iska ce da famfo ya niƙe ta yi ƙanana, in ka ci gaba mayar da ita layi kawai za ka yi. Ba shi minti goma zuwa ashirin ya kwanta ya dawo launinsa. Yawancin masu cewa sun yi ta yi iska ta ƙi fita, hutun nan ne ba su bayar ba. Moton ma yana buƙatarsa, ba a ƙera shi don doguwar gudu ba. Ɗora tafin hannu a jikinsa, in ba za ka iya barinsa a kai ba, jira.

Maimaita fita da komawa, kana ƙara mai duk lokacin da sandunan suke ciki. Tsarin da ya bushe gaba ɗaya yakan ɗauki zagaye shida zuwa goma. Ka san an gama in sandunan suna motsawa nan take da an danna, suna tafiya sumul ba rawa, man da ke tanki kuma ya daina raguwa.

In kai kaɗai ne, akwai hanyar da ke rage zirga-zirga. Samu wani matoshi na daban ka huda shi, ka zura tiyo ya matse sosai, ka toshe tankin da shi, ka tsoma ɗaya bakin tiyon cikin kwalbar mai har ƙasa. Famfon zai riƙa zuƙar mai daga kwalbar yana mayar da iska cikinta, kai kuma kana gaba kana dannawa. Ka dai riƙa lekowa kada bakin tiyon ya fito fili, kuma bayan an gama sai ka rage man tankin domin zai cika fiye da kima.

Wani lokaci iska takan maƙale a kan silinda ta ƙi sauka. Sa tabarau, naɗe notin sama da tsumma, sassauta shi kwata na zagaye, a ɗan taɓa makunni wajen saukewa. Za ka ji tsiii, sannan mai ya biyo. Ɗaure nan da nan. Ba na fara da wannan hanyar, tana ɓata wuri, kuma kowace kwancewa tana gajiyar da bakin tiyon.

8. Daidaita matakin mai

A nan za ka ji magana biyu. Littattafan gyara na wasu masana'antu sun ce a duba rufi yana sama, masu sayar da sababbin famfuna da yawa kuma sun ce a cika sanduna suna ciki. Dalilin saɓanin sanda ce. In ta shiga silinda tana cin wuri, sai ta koro mai daidai girmanta zuwa tanki, kamar ka tsoma hannu a bokitin da ya cika fal. Sanda mai kaurin rabin inci da ke tafiyar ƙafa ɗaya tana koro kusan mililita 40, biyu kusan 80. A ɗan tanki irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wato mai yana ƙasa in rufi yana sama, yana sama in rufi yana kwance.

In kana da littafin motarka kuma famfon na asali ne, bi shi. In babu, ga abin da nake yi: mayar da famfon kan ƙafafunsa ya kwanta daidai, sanduna a ciki gaba ɗaya, ka cika har kwata na inci ƙasa da leɓen ramin, wato kusan milimita 6. Sannan a kora sandunan waje har ƙarshe kana saurare. In muryar ba ta sirance ba kafin su kai, man ya isa. A haka ba yadda za a yi ya cika ya wuce kima. Sararin da ya rage a saman tankin da aikinsa, in ka cike shi man da ke dawowa ba shi da wurin zuwa, sai ya cillar da matoshin roba ko ya ɓalle zoben tankin, ka wayi gari mai ya jiƙa kafet har ƙarƙashin kujera.

Sa matoshi yayin da sandunan suke ciki.

9. Mayar da sanduna ka gwada da rufin

Ku sake ɗaga rufin ku tokare. A riƙa taɓa makunni kaɗan-kaɗan har idon sanda ya zo daidai ramin firam. In ɗaya ta riga, zura mata fil ɗinta, ɗayar za ta biyo da an sake taɓawa. Kada ka jawo firam da ƙarfi don ya tarar da sanda. Shafa ɗan giris a fil, mayar da washa yadda hoton ya nuna, sa fil mai baki biyu sabo. Tunda ka zo nan, ɗiga mai mara kauri a duk gaɓoɓin firam, ka goge rarar kada ta taɓa tamfol.

Cire katakon. Ɗaga rufin ka sauke sau uku, kana tsaye a baya inda za ka ga ɓangarorin biyu tare. Ka bar shi a rabi ka saki makunni: ya kamata ya tsaya, ko ya ɗan sauka a hankali ƙwarai. Bayan haka sauke shi, buɗe matoshi a hankali ka sake duba mai, domin nauyin rufi yakan tatso ragowar iskar da ba ta fita ba. Goge kowane noti ya bushe, naɗa masa farar takarda, ka bar motar ta kwana. Kada ka mayar da kujera sai gobe ka ga takardun a bushe.

In har yanzu bai gyaru ba

Moton da ke gurnani a hankali, fitilar cikin mota tana dishewa in an danna, wuta ce ba ta isa ba. Kankare inda wayarsa ke ɗaure a jikin mota har ƙarfe ya yi haske, duba makunnin, tsofaffin makunnai duk wutar moton ta cikinsu take bi, bakinsu yakan ƙone. Moton da ke gudu lafiya, mai a cike, iska babu, amma rufin ba ƙarfi, ko dai robar fistin tana barin mai ya tsallake daga gefe zuwa gefe a cikin silinda, ko ƙwallayen famfo ba sa zama. Wannan yoyon ba a ganinsa a waje. In gefe ɗaya kullum shi ke baya, zare sandunan ku ɗaga rufin da hannu. In ya yi tauri a wannan gefen, laifin firam ne, ba na mai ba.

Rubuta irin man da ka zuba da kwanan wata a salatif ka manna a jikin tankin, don wanda zai buɗe bayanka. Tsohon man a zuba a roba mai murfi, na birki daban na giya daban, a kai inda ake karɓar tsohon man mota. Motar da ke yawan zama a ajiye, a riƙa ɗaga rufinta ana saukewa ko sau ɗaya a wata don robobi su jiƙa, a kuma ajiye ta rufi a sama da ƙugiyoyi a kame, a goge sandunan da tsumma mai ɗan irin man da ke cikin tsarin tunda a waje za su zauna.